Talotalo a Miyar Taushe

Ina kan keken ɗinki a shagona na unguwar Jarwal a nan Makka, wani direban lori ɗan ƙasarmu ya tsaya a bakin ƙofa. Bai shigo ba, bai kuma tsawaita gaisuwa ba. Ya ce, "Malam, sai haƙuri. Abokinka kuku na Jidda ya rasu. Zazzaɓi ne. Jiya aka yi masa sutura." Na yi salati, na yi wa direban godiya, sannan na ƙarasa rigar da ke ƙarƙashin allura, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Tare muka zo ƙasar nan da shi ta Sudan, muna tsinkar auduga mu sami guzuri mu ƙara gaba, har muka shiga jirgin ruwa a Sawakin. Shi Bazazzagi, ni Bakano, saboda haka ba mu taɓa gaisawa babu tsiya ba. Ni na zauna a Makka na yi aure. Shi bai yi ba. Ya sami aikin girki a gidan wani Ba'amurke na kamfanin mai, ba ya zuwa wurinmu sai jefi-jefi.

Zuwansa na ƙarshe da sanyi ne. Ya iso da hantsi, ɗauke da talotalo mai rai a kwando, da kabewa, da wani ɗan gwangwani. A ƙofar gida ya yi mini bayani. Ya ce masu gidansa suna da rana guda a shekara ta yi wa Allah godiya. Ana gasa talotalo sukutum, a kawo shi gaban jama'a, maigida ya miƙe tsaye ya yanka wa kowa da hannunsa. Shekara da shekaru shi ke gasawa, ya ajiye musu, ya koma kicin yana jiyo dariyarsu.

"Bakano," ya ce, "yau ni ne maigida. Aron gidanka nake so, da mutanenka."

"Gidan da ba ka da shi ne za ka yi wa maigida?"

"Kai dai je ka kirawo su."

Ya tafi Harami ɗawafi, daga can zai biya wurin mai furun, inda 'yan unguwa ke kai abincinsu gashi, ya nemi gurbi. Ni kuma na shige da kayan cikin gida, na fita gayyata. Babu wanda ya gaya wa Inna komai.

Inna surukata ce, da mu take zaune. A ganinta baƙo ya kawo tsaraba, kuma abin kunya ne ya dawo daga ɗakin Allah ya tarar ba a ɗora tukunya ba. Ta sa maƙwabci ya yanka tsuntsun. Ita da matata suka fige, suka daddatsa. Kabewar ta bi shi tukunya, da gyaɗa da yakuwa.

Bayan azahar ya dawo da ƙaton tire na aro a kansa, da wuƙarsa naɗe a tsumma. Ƙamshin miyar taushe ne ya tarye shi tun daga lungu. Na ga lokacin da ya gane. Ya tsaya cak.

Inna ta ce daga bayan labule, "Sannu da dawowa, ɗan nan. Wannan kaza taka akwai tauri, amma ta ji wuta."

Ya ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri." Ya jingine tiren a bango, ya sa wuƙar a aljihu.

Mutum biyu na gayyato: wani Basakkwace mai sayar da ruwa, da wani dattijo maƙwabcinmu da ya zo ta Cadi. Muka zauna a tabarma muka sa hannu a kwano ɗaya. Basakkwacen ya ɗaga cinya yana jujjuyawa, ya ce, "Wagga kaza, raƙumi yah haihe ta?" Aka buɗe gwangwanin, wani jan abu ne mai tsami da zaƙi. Dattijon ya lasa ya ce zoɓo ne ya daskare. Muka yi dariya, shi ma ya yi, amma kaɗan ya ci.

Da muka wanke hannu ya ce akwai saura. A can, in ji shi, kowa kan faɗi abin da yake gode wa Allah a kai. Muka ce, "Alhamdu lillahi."

"A'a. A fayyace."

Ba mu saba ba. Basakkwacen ya sosa ƙeya, ya ce ya gode har yanzu gwiwarsa na hawa dutse da garwa biyu. Dattijon ya ce ya gode da alama a garin nan za a binne shi. Aka zo kaina. Na dubi abokina, na ce na gode Allah da bai yi ni Bazazzagi ba.

Aka fashe da dariya. Shi ya jira ta lafa.

"Shi ke nan, Bakano?"

"Halas," na ce da Larabci, wato shi ke nan.

Saura shi. Ya goge hannu a rigarsa, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ni kuwa, tun ranar da muka tashi daga Sawakin..." Sai ladan ya kira la'asar. Dattijon ya jawo buta, muka miƙe. Bayan salla aka ce lorin Jidda na shirin tashi.

Na raka shi, muna tafe muna tsiya kamar kullum. Ya ce baɗi zai kawo wani, ya ɗaure shi a ƙafarsa har ɗawafi. Ban tambaye shi abin da ya fara faɗa ba, na ɗauka akwai lokaci. Na sha zama ina tuna ranar da muka bar Sawakin, ban tuno komai ba sai zafi da jiran jirgin ruwa. Bai ƙarasa maganar ba.