Ranar da Auta Ta Tsayar da Likitoci Biyu

Autar gidanmu ita ce mai sa mutane barci a ɗakin tiyata. Tana ƙarama malamin lissafi ya ce kanta ba ya ja, gara a koya mata saƙa. Wata jarrabawar sai da ta zauna sau uku. To yau ga ta nan, ba mai taɓa wuƙa sai ta ce an shirya!

Wata Talata aka shirya wa wata tsohuwa aiki, shekararta saba'in da tara. Ta zame a banɗaki ƙugu ya karye, ga zuciyar ma ƙofarta ta tsuke. Jikinta ba zai ɗauki barci biyu ba, sai aka ce a gama duka a kwanciya ɗaya: likitan zuciya ya fara, na ƙashi ya ƙarasa.

Da safe Auta ta zo bakin gadon.

"Iya, kin ci wani abu?"

"Ko ƙwayar hatsi, 'yar nan."

Auta ta hango fulas a ƙarƙashin gado, murfinsa a jiƙe.

"To me kika sha?"

"Ɗan shayi da madara. Shi ma abinci ne?"

Surukar tsohuwar ce ta ba ta. A gidansu ba a barin babba ya fita tafiya da ciki wayam, wannan kuwa ai tafiya ce.

Auta ta wuce ɗakin tiyata. Manya biyu sun wanke hannu har gwiwa, suna jira.

"Sai bayan awa shida," ta ce.

Likitan ƙashi ya zaro ido. "Saboda kofi ɗaya? Yarinya, ina aikin nan kina rarrafe!"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma in ta yi barci madarar ta taso ta shiga huhu, wannan zuciyar ba za ta ba mu minti biyar ba."

"Zan kai ƙararki sama."

"Ka kai. Ni dai ba zan kwantar da ita ba."

Ba ta matsa daga bakin ƙofa ba. Likitan zuciya ya dube ta, ya dubi agogo, ya tuɓe safar hannu ya ce a jira.

Da azahar aka shiga. Auta ta zauna wajen kan Iya, tana ɗiga magani kaɗan-kaɗan, don tsohon jiki ba ya son gaggawa. Sau biyu jini ya faɗi, sau biyu ta ɗago shi. Ko ruwa ba ta kurɓa ba.

Iya ta farka, ta matse mata yatsa. Kwana huɗu sai ga ta a baranda da sandar ƙarfe, tana takawa tana faɗa wai an hana ta sauri.