Sharar da Muka Yi a Maƙabarta

Duk lokacin da na ji ƙamshin ɗanyar ciyawar da aka sare, sai gabana ya faɗi. Kai mai karatu wataƙila gona za ka tuna, ko filin ƙwallo. Ni maƙabarta nake tunawa, da wata Asabar a ƙarshen damina, ina aji biyu na ƙaramar sakandare.

A gidan kakana na tashi, a Ƙofar Wambai. Kakata ta rasu ina firamare, ba a kuma je da ni binne ta ba. Abin da na sani kawai shi ne, kowace Juma'a da hantsi tsohon yakan ɗauki sandarsa ya tafi ziyarar kabarinta, ya dawo da jar ƙasa a takalminsa, ba ya son magana sai an sauko daga masallaci.

A zangon nan ne malaminmu ya ce kowane rukuni ya zaɓi aikin gayya da zai yi wa unguwa. 'Yan mata suka ce za su share asibitin sha-ka-tafi. Wasu suka zaɓi yashe kwata. Ni da nake monita na ɗaga hannu na ce mu ciyawar maƙabarta za mu sare. Duk ajin suka juyo suna kallona, kaina ya kumbura. Gaskiya kuwa ni matsoraci ne na bugawa a jarida. Ko makara na hango an jingine a bangon masallaci, sai na sauya hanya. So nake kawai a daina yi min dariya.

Tsari kam mun yi shi. Muka rubuta wanda zai kawo lauje, da wanda zai kawo fartanya, da wanda zai aro baro wurin yayansa mai dako a Kasuwar Muda Lawal. Malam ya kai mu gaban mai unguwa, ya sa mana albarka. Ba wanda ya tuna ya tambayi babba me ake taɓawa a maƙabarta, me kuma ba a taɓawa.

Mai gadin wurin wani siririn tsoho ne, shi ne kuma mai haƙa kabari. Ya ce mu sare ciyawa, kada mu taka kabari, sannan ya saɓa diga ya wuce can ƙarshen gabas, don ana jiran gawa bayan azahar. Malam shi ma ya tafi nemo mana ruwan sha.

Ciyawar ta kai mana ƙirji, raɓa ta jiƙa mana wanduna. Ba ka jin komai sai kukan kurciya da ƙarar lauje. A wani wurin kabari ya rufta, ramin ya buɗe baki baƙi ƙirin, sai mu kewaye shi muna kawar da kai. Duk sanda laujena ya bugi wani abu mai tauri sai in ja da baya. Ina ta karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa.

Da ciyawar ta kwanta sai ga tarkace ko'ina: fasassun tukwane, kwalabe a kife, gwangwanaye masu tsatsa, tsofaffin kwanuka. Na ce a kwashe. Akwai wani ɗan ajinmu Kirista, mutumin kudancin jiharmu, wanda ya biyo mu duk da malam ya ce ba dole. Shi ne ya riƙe min hannu.

"Monita, wannan abu ba shara ba ne fa. Mutum ne ya sa shi."

"Kai me ka sani a maƙabartarmu?" na ce masa.

Ya sake ni. Har gobe ina jin kunyar wannan magana. Baro huɗu muka tura, muka zube a gindin katanga, sauri nake mu gama mu fita.

Da mai gadin ya dawo ya ga wurin fes, digar ta suɓuce daga kafaɗarsa. Ya ɗora hannu biyu a ka yana salati.

"Yara, kun ɓatar wa mutane da iyayensu."

A tsohon ɓangaren da muka yi aiki, ruwan shekaru ya baje kaburburan, sun kusa yin daidai da ƙasa. Wuyan tukunya ko kwalba ɗaya, da ita kowane gida ke gane nasa. Muka ruga za mu mayar, ya daka mana tsawa.

"Kada wanda ya taɓa! So kuke mutum ya zo neman uwarsa ku nuna masa wani?"

A saman tulin nan na hango wata farar langa mai koren baki, da ɗan tabo a gefe inda na taɓa yar da ita. A cikinta kakata take dama min fura, tana cewa angonta zai sha kafin wancan tsohon, kakana kuma yana kirana ɓarawon mata yana nuna ni da sanda. Da hannuna na jefa ta a baro, ban ko duba ba.

Kwana shida ne tsakanin Asabar da Juma'a, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irinsu ba. Duk wanda ya yi sallama a zaure, sai in ce ƙarata aka kawo. Ba duka nake tsoro ba, na saba da bulala. Fuskar tsohon nake tsoro. Na yi fatan a yi ruwa ranar, na yi fatan ciwon ƙafa ya motsa masa, Allah ya yafe min.

Ranar Juma'a gari ya waye tangaran. Ya ɗauki sanda, ya ce tunda yanzu na zama jarumin maƙabarta, in zo in raka shi. Muka tafi, ina bin sa a baya.

Mai gadin ya mayar da waɗanda ya iya tunawa, amma layin da ke kusa da darbejiya yana nan wayam. Kakana ya tsaya. Ya matsa gaba, ya dawo baya, yana laluben ƙasa da bakin sandarsa. Kaburbura tara ne a jere, duk iri ɗaya. Ya kira mai gadin ya tambaye shi ina langar. Mai gadin ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Ni ne na ɗauke," na ce. "Na ɗauka shara ce."

Na runtse ido ina jiran sanda. Ba ta sauko ba. Da na buɗe, sai na ga yana ƙoƙarin yin murmushi.

"Tun tana da rai kake cewa sai ka ƙwace min ita. To, ga shi ka ƙwace."

A nan na fashe da kuka. Shi kuwa ya gyara tsayuwa, ya fara daga kabari na farko, ya yi wa kowanne addu'a har na tara. Haka ya ci gaba da yi kowace Juma'a har ƙarfinsa ya ƙare, kuma bai ƙara ta da maganar ba.

Yanzu an ja wa maƙabartar sabuwar katanga, kusan kowane kabari da allon ƙarfe mai suna da ranar rasuwa. Da kakana ya rasu, ni na kai aka rubuta nasa, na kafa shi da hannuna. Layin darbejiya ne kawai babu allo ko ɗaya. Bara na fara zuwa da babban ɗana, ya karanta allon kakana, sannan ya tambaye ni wanne ne na matar tsohon. Ba ni da wanda zan nuna da yatsa. Na buɗe tafin hannuna na bi layin da shi tun daga farko har ƙarshe, na ce masa, "Tana nan."