Hedifon Mai Jar Wuta da Shanun Baffa Jauro

Har yau ban manta da safiyar da aka kusa ɗura wa saniya baƙin mai saboda kayan da ni na sayo ba. Lokacin ina shekara ta biyu a matsayin jami'in sito a ofishinmu na Kazaure, ina ganin na gama sanin aikina.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mu ƙungiya ce mai zaman kanta da ke ba manoma da makiyaya shawara ta waya. Mutum yana gonarsa a Gwiwa, ko yana rugarsa a bayan Roni, sai ya kira lambarmu ya faɗi abin da ya samu shukarsa ko dabbarsa. Kiran ta kwamfuta yake shigowa, domin a naɗi maganar a ajiye. Saboda haka duk mai amsa kira sai ya sa hedifon, wato abin saurare na kunne, wanda yake da makirfo na yin magana. Shugaban ofis shi ne Dakta Lawan, likitan dabbobi, kuma shi yake karɓar duk kiran da ya fi ƙarfin sauran.

Ƙa'idar sayen kaya a wurinmu ba ta da wuya. Mai buƙata ya rubuto takarda, ni in je in duba kayan a shaguna uku, in zaɓi wanda na ga ya dace, Dakta ya sa hannu. A farkon daminar waccan shekarar tsofaffin hedifon ɗinmu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai Nasiru, mai kula da kwamfutocinmu, ya rubuto cewa a sayo irin na masu wasan gem, wato wasan kwamfuta. Nasiru magidanci ne da 'ya'yansa biyu, amma kowa ya san in ya tashi aiki yakan zauna ya buga gem da abokansa na Kano da Babura ta intanet. Ina ganin kalmar gem a takardar na ninke ta na sa a aljihu.

Duk da haka na je shago na ce a nuna mini. Aka sauko da wani ƙato kamar a rufe kwano da shi, yana da jar wuta a kowane gefe, ga hoton soja riƙe da bindiga a jikin kwalin. Kuɗinsa kuwa ya ninka na gama-gari. Na ce a mayar. Na sayo 'yan sirara baƙaƙe masu kyan gani, waɗanda makirfonsu ɗan ƙulli ne a jikin waya, yana reto wajen ƙirji.

Da na dawo Nasiru ya juya ɗaya a hannunsa ya ce, "Malam Habu, waɗannan na jin karatu ne da waƙa. In aka tayar da inji za a sha wahala."

Na ce, "Nasiru, nan ofis ne. In kana son na wasa, ka saya da albashinka."

Bai ja da ni ba. Ya ci gaba da zuwa da nasa daga gida, mai jar wutar, yana amfani da shi a teburinsa. Muka sa masa suna Direban Jirgi. Shi ma yakan yi dariya.

Ranar da nake ba ku labari wajen ƙarshen damina ne, wake ya rufe gonaki. An ɗauke wuta tun asuba, ga janaretanmu a bayan tagar ɗakin Dakta, salansarsa ta fashe kwana biyu ba a gyara ba. In yana aiki sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Na shiga wajen Dakta da wasu takardu misalin ƙarfe takwas da rabi, sai ga kira an turo masa.

Mai kiran Baffa Jauro ne, wani dattijon makiyayi da ke zaune da iyalinsa a wata ruga bayan Roni. Abin da ya faɗa ban ji shi a lokacin ba, sai daga baya da na saurari naɗin, amma zan kawo muku shi a jere yadda ya faru. Shanunsa uku sun ɓalle da sassafe sun faɗa gonar wakensa, sun cika ciki da ɗanyen ganye mai raɓa. Yanzu cikinsu ya kumbura ta kwiɓin hagu, suna nishi da ƙyar. Ɗaya tsohuwa ce, ɗaya mai shayarwa, ta ukun karsana ce mai cikin fari. Baffa yana tsaye ne a kan wani dutse bayan rugar, domin nan kaɗai waya take kamawa, yana ƙwala wa manyan 'ya'yansa magana suna wajen shanun.

Irin wannan kumburi ba ya jira. Kafin Dakta ya hau mashin ya kai can, ga rafi ya kawo ruwa a hanya, sai dai ya tarar da fatu. Magani na farko abu ne da ke kowane gida, wato man girki.

Dakta ya ce, "Baffa, a samo mai, man gyaɗa na girki!"

Baffa ya ce, "Likita, ban ji ba. Ƙara ce kawai."

Dakta ya kama ɗan ƙullin makirfon ya kai baki ya sake cewa a samo mai. Sannan ya juyo kaina a fusace ya ce, "Habu, a kashe injin nan!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka kashe kwamfutar za ta mutu, kiran ya yanke." Batirin da ke riƙe ta ya daɗe da lalacewa, kuma duk mun san in layin Baffa ya yanke ba lallai a sake samunsa ba.

To, cikin duk wannan hayaniyar kalma biyu ce ta isa kunnen Baffa: mai, da inji. Sai Dakta ya ji shi yana ɗaga murya yana cewa 'ya'yansa, "Likita ya ce man inji! Ku ɗauko galan ɗin nan na mashin!"

Na ga fuskar Dakta ta sauya. Ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi, yana cewa, "A'a, Baffa! Kada a ba su! Kada a ba su!"

Baffa ya amsa, "Na ji, Likita, za a ba su yanzu."

Ban san lokacin da Nasiru ya shigo ba. Ihun ne ya kawo shi. Bai tambayi kowa ba, ya zare wayar hedifon ɗin da na sayo daga kwamfutar ya soka tasa, ya danna wani abu, ya ɗora wa Dakta ƙaton abin a ka har hularsa ta faɗo ƙasa. Ya jawo sandar makirfon ya daidaita ta dab da leɓen Dakta ya ce, "Yi magana a hankali, Dakta, ba sai ka yi ihu ba."

Dakta ya ce, "Baffa Jauro, kana ji na?"

"Yauwa! Yanzu kam kamar kana gabana."

"A ajiye man injin nan. Zai kashe su. Man gyaɗa na ce, wanda ake miya da shi."

Baffa ya ce, "Subhanallahi! Har an buɗe galan." Daga baya na ji shi a naɗin yana kiran sunayen 'ya'yansa da Fulatanci, yana tsayar da su.

Daga nan Dakta ya zauna ya bi da shi mataki-mataki. A zuba man a kwalba, a sa ta gefen baki, a ɗura kaɗan-kaɗan ana barin saniyar tana haɗiyewa da kanta. Kada a ɗaga kanta sama sosai, kada a riƙe mata harshe, don kada man ya bi hanyar numfashi. A tsayar da ita inda ƙafafun gaba za su fi na baya tudu, a gitta mata sanda a baki ta yi ta tauna, sannan a riƙa zagayawa da ita, kada a bari ta kwanta. Baffa yana maimaita kowace magana, Dakta yana gyara masa, shi kuma yana ƙwala wa 'ya'yansa. Ni dai ina tsaye riƙe da hular Dakta, jar wutar nan tana ta haskawa a kunnensa, babu wanda ya yi dariya.

Mun fi rabin sa'a a haka. Can Baffa ya ce karsanar ta yi wata doguwar gyatsa, kwiɓinta ya fara laushi. Ba a jima ba mai shayarwar ma ta bi. Tsohuwar ce ta riga ta kwanta tun kafin a kai gare ta, ta ƙi tashi. Dakta ya yi wa Baffa tambayoyi biyu uku a kanta, sannan ya ce, "Baffa, a sa mata wuƙa kafin ta tafi a banza." Baffa ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri. Biyun ma an gode."

Da aka tashi aiki na zauna ni kaɗai na saurari naɗin daga farko. Kashin farko babu abin da ake ji sai rurin janareta, muryar Dakta tana can ƙasa kamar daga rijiya. Daga inda aka canja hedifon kuwa sai muryar ta fito fes, injin ya koma baya. Na ji kunya ƙwarai. Washegari na rubuta takarda cewa a kwashe duk waɗanda na sayo, a maye su da na 'yan gem, kowa da kowa a ofis.

Saura kaɗan in sake yin wani kuskuren. Malama Zulai ce ta cece ni, wadda aikinta shi ne ta saurari kiraye-kirayen da aka naɗa ta rubuta su a takarda. Ita ba ta amsa kira, saurare kawai take yi daga safe zuwa la'asar. Da ta ji abin da na rubuta sai ta ce a ara mata na Nasiru ta gwada kwana ɗaya tukuna. Ko azahar ba a yi ba ta dawo da shi ta ajiye a teburina.

Ta ce, "Malam Habu, don Allah a bar mini nawa. Wannan nauyi gare shi, wuyana har ya ƙage, ga zufa a kunne cikin hijabi. Kuma komai ƙugi yake yi. Iska da kukan shanu sun fi maganar mutum fitowa. A ɗan siririn nan nakan bambance Gwiwa da giwa, a wannan kuwa sai na maimaita sau uku."

Na kira Nasiru na tambaye shi yaya abu ɗaya zai ceci shanu jiya, yau kuma ya hana aiki. Ya ce ai an gina shi ne don mai wasa ya ji ƙarar fashewa da takun abokin gaba, shi ya sa yake ƙara wa sauti kauri. Wani kaso na kuɗinsa ma wutar nan ce da ado. In saurare ne kawai, na gama-gari mai kyau ya fi shi, ga sauƙin kuɗi ga rashin nauyi. Abin da ya fi su da shi shi ne sandar makirfon da ke zama dab da baki, tana ɗaukar muryarka ta bar hayaniyar ɗaki, domin 'yan gem suna wasa ne suna magana da juna.

Ya ce, "Ai na rubuta haka a takardata, Malam Habu. Masu amsa kira kaɗai na ce a saya wa."

Na buɗe fayil na nemo takardar. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a layi na uku. Ban taɓa karantawa na kai wurin ba.

Ranar Asabar muka tafi shago tare da shi. Muka roƙi mai shagon ya tayar da janaretansa, Nasiru ya tsaya kusa da shi yana gwada hedifon ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina tsallaken titi da waya a kunne ina gaya masa wanda na fi ji. Wanda ya yi nasara ba shi ne mafi tsada ba, kuma ko wuta ba shi da ita. Muka ɗauko guda huɗu na masu amsa kira, muka bar wa Malama Zulai da abokiyar aikinta nasu. A makon ne kuma na sa aka gyara salansar injin, aka canja batirin kwamfutar Dakta.

Bayan kamar wata biyu Baffa Jauro ya shigo Kazaure cin kasuwa, ya nemi ofishinmu har ya same shi, ya kawo mana kindirmo da man shanu. Karsanar ta haihu, ɗan maraƙi. Dakta ya ba shi labarin abin da ya faru a ɓangarenmu ranar, ya ce a nuna masa abin. Nasiru ya ɗora masa nasa a kan rawani. Baffa ya jujjuya kai, sannan ya tambaya me ake yi da shi. Da aka ce masa na wasa ne, ya dubi Nasiru sama da ƙasa ya ce, "Kai da gemunka kake wasa?" Nasiru ya ce, "Ina taɓawa, Baffa." Dattijon ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa, ya ce, "To ka ci gaba, ɗana. Allah ya yi albarka."

Yanzu in wani ya tambaye ni ko hedifon na 'yan gem ya cancanci kuɗinsa, sai in tambaye shi me zai yi da shi, magana ko saurare, kuma a wane irin ɗaki. Abin da nake gaya wa duk wanda ya shigo sito sabo kuwa shi ne, ka karanta takardar buƙata har ƙarshe, ko da wanda ya rubuto ta kana ganin wasa ya yi masa yawa. Ka zauna a kujerar wanda zai yi aiki da kayan ko na awa ɗaya ne kafin ka saya. Mu 'yan sito ba ma amsa kira, ba ma ganin manomi ko makiyayi, amma duk abin da muka sayo, a kunnensu yake ƙarewa.