Kwalin Malam Karkace

Yana da shekara goma sha tara, saura wata huɗu ya gama koyon gyaran agogo, aka yi husufin rana. Yayansa ya samo fasasshen gilashin taga, ya turara shi da hayaƙin fitila har ya yi baƙi ƙirin, ya miƙa masa. Ya kalli rana ya ƙoshi. Washegari ya buɗe cikin agogo, ya tarar da baƙin tabo zaune a tsakiyar duk abin da ya duba. Tabon bai tashi ba. Maigidansa ya jure mako shida, ya sallame shi.

Tun daga nan sai ya karkata kai yake ganin fuskar mutum, ta gefen ido, shi ya sa ake ce masa Malam Karkace. Shekara ashirin da bakwai yana gadin sito. 'Yarsa ɗaya, tela ce, da idonta take ci.

Da rediyo ta ce husufi zai dawo, ya roƙi dogon kwali a sito. Ya huda gefe ɗaya da allurar 'yar, ya manna farar takarda a ɗaya gefen daga ciki, ya yanka kafar leƙawa. In mutum ya juya wa rana baya, sai hoton ranar ya faɗo kan takarda.

Ranar husufin sai ga Yaya a tsakar gida, ya tsufa, riƙe da baƙin gilashi.

"Zo nan 'yata, ki ga abu na gaske. Bar ubanki da akwatin gawarsa."

"Yaya, ajiye wannan."

"Kai, Karkace! Ni ma na kalla a lokacin, ga idona garau."

"Leƙawa ka yi. Ni na tsaya, don kai ka ce ba komai."

Yarinyar ta riga ta miƙa hannu. Malam Karkace ya fizge gilashin, ya maka shi da bango. Maƙwabta suka ce ba a taɓa ganin ƙane mara kunya irinsa ba. Yaya ya kaɗe riga ya fita, har yau ba ya amsa gaisuwarsa.

Ta leƙa kwalin ba da son ranta ba, sai ta yi tsalle.

"Baba! Kamar an gutsure ta! Zo ka gani."

Ya sa ido. Hoton bai kai ƙwayar wake ba, ya shige cikin tabon ya ɓace. Ya karkata hagu, ya karkata dama, kafar ta yi ƙanƙanta.

"Na gani," in ji shi. "Ci gaba da kallo."