Kifin da Ba Su Haɗa Ido Ba

Mai Tarwaɗa ya yi tuƙin tasi, ya yi gyaran rediyo, duk ba su karɓe shi ba. Sai da ya gina tankuna huɗu na siminti a bayan gida ya zuba kifi sannan ya zauna wuri ɗaya. Mutum ne mai son bayani, ka tambaye shi girman kifi ya faro maka tun daga ƙwai.

Da hawan jini ya kama matarsa, likita ya ce bayan magani ta riƙa shan man kifi, yana taimakon zuciya. Cokali ɗaya ta sha ta ce ita da wannan ƙarni haihata-haihata. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don duk duniya ita kaɗai ke jure wa surutunsa.

Can dabara ta faɗo masa: ai abin da kifi ya ci shi ke zama a jikinsa. Ya ware tanki ɗaya, kullum ya yayyafa man a kan abincin kifin, ya cakuɗa, ya shanya a inuwa kada rana ta ɓata shi. Inda ya yi kuskure, ya ce ita za ta riƙa watsa musu, ko ta ɗan motsa jiki.

Kafin ka ce kwabo kifaye sun yi ɓul-ɓul, da sun ji takunta sai su taso. Har sunaye ta raɗa musu, akwai Sarkin Ci, akwai Mai Gemu. Ranar da ya shigo da raga zai kama, ta tare gaban tankin da tsintsiya a hannu.

"Haba Malam, wanda ke gane tafiyata zan sa a tukunya? Ka ji tsoron Allah."

Ya yi lallashi, ya yi wa'azi, ko gezau. Ta ce in dai ci ne, sai kifin da ba su taɓa haɗa ido ba.

Dole ya koma zuba man a sauran tankunan uku gaba ɗaya, don kada ta gane wanda aka ware mata ta sake ƙulla zumunci. Masu saye suka shiga yabon maiƙon kifinsa, shi ko bai damu da yabon ba. Kullum da rana yana gefen tabarma yana kallon ta tana cire ƙaya, kuma ba ya taɓa nasa kwanon sai ya ga ta cinye.