Obiefuna, Mai Waldan Da Ya Ƙi Goge Sunan Bauchi

Kafin masu keke su cika titin Gwallaga, Obiefuna ya riga ya buɗe rumfarsa ta walda. Yakan share ƙofa, ya jera ƙarafan da ya sayo wajen 'yan gwangwan, sannan ya zauna cin ƙosai. Daga Kudu ya zo Bauchi yana saurayi. Bana ya ajiye aiki, domin hasken walda ya ci idanunsa.

Comfort, wata manomiyar acca daga Bogoro, ita ta fara nuna masa tafin hannunta, duk ya yi kanta saboda surfe. Injinan surfe da ake shigowa da su don shinkafa aka yi su, in an zuba acca sai su maida ita gari. Obiefuna ya yi ta gwaji yana ɓarnar acca, har ya ƙera wanda ke cire dusa ya bar ƙwaya. A jikinsa ya rubuta "Ƙirar Bauchi".

Sai wani dillalin kayan gona ya zo, ya ce zai kwashe duk abin da ya ƙera, amma a goge rubutun a liƙa sunan kamfanin waje.

"Baba Obi, mutanenmu ba sa sayen na gida," in ji shi.

"Alhaji, in ya lalace a ƙauye, ina za su neme ni? Rubutun nan yana nan."

Dillalin ya tafi yana yaɗa cewa tarkace ne. Kaka ta wuce ba mai saye. Obiefuna ya koma gyaran ƙyaure don iyalinsa su ci, injinan suna jingine da bango, bai kuma taɓa rubutun ba. Da Comfort ta ji, ta ɗauko a-kori-kura ta kai guda ɗaya kasuwar garinsu, ta surfa acca a gaban jama'a. Tun daga ranar mata ke haɗa kuɗi suna zuwa Gwallaga sayen injin.

Kai ne ka zaɓi zama ba ciniki a kan ka yi ƙarya, maƙerin manoma. Mun gode, Baba Obi, Allah ya ba idanunka lafiya.

Masu raina na gida, ku je Bogoro ku duba hannun mata, ku ga ko da sauran kanta. Ku kuma masu ƙira, in kun yi abu mai kyau, ku rubuta sunan garinku a jiki, kada kowa ya sa ku goge.