Baba Juzu'i, Mai Riƙe Rabin Labari

Kowace safiya, kafin masu shara su gama musu a kan wanda ya ɓatar da tsintsiya, Baba Juzu'i ya riga ya buɗe tagogin laburaren unguwarmu. Zai rataye hularsa a ƙusar bayan ƙofa, ya ɗauki tsumma, ya wuce kantar littattafan jarrabawa ko kallonta bai yi ba, don ita ba ta rasa masoya. Kusurwar ƙarshe yake nufa, ƙarƙashin fankar da ke juyawa in ta ga dama. A nan aka jera manyan littattafan labari na Faransa da Rasha, waɗanda aka rubuta a ƙarni na sha tara, aka fassara, aka kawo mana, aka manta. Yana goge su ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa jikoki wanka. Watan jiya ya yi ritaya bayan shekara talatin da 'yan kai, kuma tunda babu alamar za a sa wa titi sunansa, na ga ya kamata wani ya ce wani abu.

Sunan nan ba na yanka ba ne, wata muguwar ɗabi'arsa ce ta jawo masa. Littattafan nan masu jiki ne, yawancinsu juzu'i biyu ko uku. Na ɗaya Baba zai miƙa maka da fara'a. Na biyu kuwa yana kulle a durowar teburinsa, ba za ka gan shi ba sai ka zauna a bencin da ke gabansa ka faɗi wanda kake goyon baya a labarin, da dalilinka. Babu wannan a dokar laburare. Na duba.

Yana da ra'ayi a kan kayansa. "Marubucin Faransa," in ji shi, "zai nuna maka yadda mutum ke yaudarar maƙwabcinsa. Na Rasha kuma, yadda mutum ke yaudarar kansa. In ka karanta duka biyun, zaman unguwa ba zai ƙara ba ka mamaki ba." Ba kullum yake da gaskiya ba. Duk labarin da ke da tsohon uba a ciki, Baba yana bayan uban, ko da shi ya kunna wa gidan wuta. Sunayen Rashawa kuwa sun gagare shi har ya bar aiki. "Kowa sunansa uku, kamar wanda 'yan sanda ke nema." Sai ya raɗa musu nasa: Dogo, Mai Tari, Matar Janar.

Telar da shagonta ke kallon laburaren ta fara shigowa ne ranar da aka ɗauke wuta keken ɗinkinta ya tsaya. Baba ya ba ta wani na Faransa. Ta dawo da shi tana huci.

"Baba, mutumin nan ya ɓata shafi a kan shafi yana bayanin labule! Ni da nake ɗinka labulen ban taɓa yi masa wannan surutu ba."

"To ajiye shi, 'yata, ba dole."

"Wa ya ce zan ajiye? Ba ni na biyun. Ina so in ga ko yarinyar nan za ta gane yaron ƙarya yake shirga mata."

"Zauna tukuna. Ke wa kike goyon baya?"

Ta zauna. Aka dawo da wuta, masu ɗinki suka yi ta leƙen shago, ita tana nan tana kare wata baiwar Allah da ba a taɓa haifa ba.

Ita ce ta ba ni labarin direban bas. Bayan rasuwar matarsa ya daina magana da kowa, ya koma yawan zuwa laburare, don nan ne kaɗai ba wanda zai tare shi da "sai haƙuri". Baba ma bai ce masa ba. Ya dai tura masa wani na Rasha mai nauyin bulo, ya ci gaba da aikinsa. Wata rana tela ta jiyo hayaniya ta tsallako titi da almakashi a hannu, ta tarar da direba a kan benci yana buga tebur: "Wallahi Baba, Mai Tari ba mugu ba ne! Kunya ce ta yi masa yawa!" Ta ce rabon da a ji muryarsa ta kai haka tun ranar jana'iza. Baba ya bar shi ya gama, ya ce bai yarda ba, sannan ya buɗe durowa.

Kai ne wannan, Baba. Mai tsumma, mai makulli, mai hana ruwa gudu don a tsaya a gaisa. Ka gane cewa littattafan nan ba don gwaninta ake karanta su ba. Mutanen cikinsu sun sha sanyin da ba mu sani ba, sun sa tufafin da za mu yi wa dariya, amma kishinsu da burinsu da wautarsu irin namu ne sak. Mutum yakan shiga neman labarin wasu, ya fito ya ga an yi da shi.

Ana saura kaɗan Baba ya yi ritaya aka kawo sabon darakta, matashi mai tsabta, ba mugu ba. Ya kafa doka: kantar da ba a yawan aro daga cikinta za a kwashe ta zuwa sito, a sa kwamfutoci a gurbinta. Sitonmu kuwa kowa ya san shi, can ne gara take zurfafa karatunta. A nan ɗabi'ar Baba ta juyo kansa. Littafin da sai an zauna an yi musu kafin a ba da rabinsa ba ya saurin fita, don haka kantarsa ce ta zo ƙarshe. Aka sa ranar kwashewa bayan tafiyarsa.

Baba bai kira taro ba, bai roƙi kowa ba. Tela kaɗai ya faɗa wa, hakan kuwa ya fi sanarwa a rediyo. A makonsa na ƙarshe ya buɗe durowar ya bar ta a buɗe. Muka yi ta zuwa aro, direba da 'yarsa, masu gadi, wata nas da rigar aiki. Sai dai bai ba kowa juzu'i biyu na littafi ɗaya ba.

"Baba, wannan ai na biyu ne. Ban karanta na ɗayan ba," na ce.

"Na sani, Farfesa." Haka yake kiran duk mai tabarau. "Na ɗayan yana wajen direba. Ka neme shi, yana son abokin musu."

Ranar kwashewa darakta ya iso da kwalaye ya tarar da katako tsirara. Bisa ma'auninsa na kansa, babu kantar da ta kai wannan farin jini a ginin. Mutum ne mai bin doka ko da ta cije shi: kwamfutoci suka koma gefen taga, kanta ta zauna. Mu kuma dole muke neman juna, don rabin labarin kowa yana gidan wani. Bencin bai huta ba.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka lafiyar da za ka ci gaba da goyon bayan tsofaffin da ba su da gaskiya. Ku kuma masu karatu, duk wanda aka damƙa wa wata kusurwa da duniya ta manta, ya goge ta, ya kuma nema mata mutane, don tsumma kaɗai ba ya ceton littafi.

Shekaranjiya darakta ya ari juzu'i na ɗaya, wai don ya ga abin da ake wa wannan hayaniya. Jiya ya dawo yana tambayar na biyu. Aka nuna masa shagon da ke tsallaken titi. Tela ta ɗago kai daga keke, ta jawo masa kujera da ƙafa.

"Zauna tukuna, ranka ya daɗe. Wa kake goyon baya?"